Gudummawa tun da sauran numfashi

A ƙasar Hausa ba a barin mutuwa ga masu ita su kaɗai. Da zarar salati ya tashi daga wani gida, kafin a gama haƙa kabari maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofa, mata sun aza tukwane, wanda ke Tasawa ya shigo mota, wanda ke Ƙonni ya aiko da saƙo. Ranar uku, ranar bakwai, har zuwa arba'in, ƙafa ba ta ɗaukewa. Duk wanda ya zo gaisuwa yana tafe da abin da ya sawwaƙa, wani tiyar hatsi, wani ƙwaryar gumba, wani dala ɗari a dunƙule cikin hannu. Al'ada ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar ta. Abin tambaya dai shi ne: ina wannan taro yake a watannin da mai ciwo ke kwance, sa'adda tiyar hatsin nan da dala ɗarin nan za su iya zama sanadin tsira?

Wannan tambaya ce ta hana wata mata barci a wani gari na jihar Maraɗi, bayan da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, ma'aikatan likita kuma ke kira kansa, ya raba ta da ɗanta mai shekara bakwai. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa riƙe wani muƙami ba. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Mijinta tela ne mai keke ɗaya a bakin kasuwa, da damina kuma manomi kamar kowa. Labarinsu ya cancanci a ji shi, domin kuwa abin da ya same su yana samun gidaje da dama tun daga Dogon Dutsi har Gure, sai dai akasari akan rufe shi da cewa kwana ya ƙare, a wuce wurin.

Wata biyun da suka salwanta

Yaron shi ne na uku cikin ƴaƴansu biyar. Yana aji biyu a lakwal, in an taso kuma shagon ubansa yake zarcewa, don shi ke zura masa zare a allura da maraice, lokacin da idon tela ya fara gajiya. A farkon bazara ya fara kukan haƙori. Aka ba shi kanumfari ya danne, aka sayo ƙwayoyi wurin masu tallar magani. Bayan ƴan kwanaki kuncinsa na hagu ya ɗaga. Kakarsa ta ce hangum ne, ai yana yawo a unguwa, aka yi masa shafe-shafe irin na gida. To, hangum kwana goma yake yi ya wuce, wannan kumburi kuwa kullum gaba yake yi. Haƙoran gefen suka fara girgiɗa har biyu suka fita da kansu, baki ya karkace, tuwo ya gagara sai kunu.

A gidan likita na garin aka ɗauka ƙurji ne a gindin haƙori, aka rubuta allurai na mako guda. Ba a ga laifin ma'aikacin ƙwarai ba, mutum ne da ke wuni cikin yara masu masassara da zawo da tamowa, kuma mai yiwuwa tun da ya fito makaranta bai taɓa ganin irin wannan ciwo ido da ido ba. Da allurai suka ƙare kumburi na nan, sai zance ya koma wani wuri. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ya taka wani abu a bakin tabki da tsakar rana. Wanzami ya yi tsaga, ba abin da ya fito sai jini. Aka shiga hayaƙi da jiƙe-jiƙe, awaki biyu suka tafi a nan.

Ranar da majon gidan likitan ya ga yaron da kansa, idon hagu ya riga ya fara turowa waje. Bai yi dogon bayani ba, ya rubuta takarda ya miƙa wa tela, ya ce: “Malam, wannan ya fi ƙarfin nan. Kada ku kwana.” A asibitin Maraɗi aka yi eko da awon jini, aka ce sai Yamai. Tun daga kukan haƙori na farko zuwa wannan rana, wata biyu cur sun shige.

Tela ya jinginar da kekensa, matar ta sayar da tunkiyarta da rabin kwanonin ɗakinta. Suka bar sauran yara huɗu hannun kaka, suka kama hanyar da ta haura kilomita 650, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yaron na kwance a cinyar uwarsa, an lulluɓe masa fuska da mayafi saboda kallon fasinjoji.

Ciwo mai suna, mai kuma magani

A Yamai aka zuƙo ɗan abin da ke cikin kumburin da allura, aka duba, aka gaya musu sunan ciwon: kansar Burkitt. Sunan wani likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya kuma bayyana wannan ciwo ga duniya a shekarar 1958, bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi iri ɗaya. Ya lura ciwon ya fi yawa a yankunan Afirka masu zafi da ruwa, inda masassarar cizon sauro ta yi katutu. A 1964 masu bincike a Ingila suka gano wata ƙwayar cuta cikin irin wannan kumburi, wadda ake kira Epstein-Barr. Yau an san cewa haɗuwar wannan ƙwaya da yawan kamuwa da masassara tun ƙuruciya na daga cikin abin da ke buɗa wa ciwon ƙofa. Ya fi kama yara maza, ya fi yawa kuma tsakanin shekara huɗu zuwa tara. Yakan fito a muƙamuƙi ko cikin ciki. Cikin ire-iren kansa da ke kama ɗan Adam yana sahun gaba wajen saurin girma, don ƙwayoyinsa na iya ninkawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya san haka ya san mi wata biyu ke nufi.

Sai dai saurin nan nasa shi ne kuma lagonsa, domin maganin da ake kira shimiyo ya fi kama ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Lokotoron da ta karɓe su ta zaunar da uwar, ta yi mata magana da Hausa: “Baiwar Allah, wannan ciwo yana jin magani. Za ki ga kumburin ya sace tun ba a yi nisa ba, amma kada ya ruɗe ki. Ana ba da maganin zagaye-zagaye ne, sai an kai na ƙarshe.”

Haka kuwa aka yi. Mako guda da fara shimiyo, kunci ya sauka kamar an zare iska daga salka, ido ya koma mazauninsa. Gashin yaron ya zube, ya yi fama da amai da gyambon baki, sau biyu ana ƙara masa jini, amma ya tashi zaune, ya nemi tuwo, ya tambayi wanda ke zura wa babansa zare. Wasu daga cikin magungunan an ba su kyauta. Sauran abubuwa kuwa, awon jini bayan awon jini, maganin da ake aika mutum ya sayo a farmasi, abinci, ruwa, sabulu, kuɗin kabu-kabu, duka daga aljihu suke fita. Tun shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, to amma nasu yaron ya ba biyar baya da shekara biyu. Uwar na kwana a tabarma gefen gadon ɗanta, tela na kwana a waje bisa kwali. Akwai mutanen garinsu da ke zaune a unguwar Bukoki shekara da shekaru, amma kunya ta hana shi ƙwanƙwasa ƙofar kowa da yaro mai irin wannan ciwo.

Suna cikin zagaye na biyu labari ya zo cewa ruwan shuka ya sauka a gida. Da dare tela ya kira matarsa gefe ya ce: “Uwar yara, in ban shuka ba bana, mi sauran huɗun za su ci?” Ta ce: “Malam, lokotoro ta ce sai an kai ƙarshe.” Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata abin da ya rage, ya ce: “Da mi za mu kai?” Sun yi lissafi a wannan dare: jikka 60 za su riƙe su har a gama zagayen da ke gaba. Ba su da ko goma. Suka yanke shawarar komawa gida su yi shuka, su nemi rance, su dawo ranar da aka rubuta musu a takarda.

Da damina kuwa ba a samun mai rance, rumbuna sun yi ƙasa, kowa ta kansa yake yi. Ga shi maƙwabta sun ga yaro na guje-guje bayan awaki, suna ta yi musu barka da arziki. Ba su gaya wa kowa gargaɗin lokotoro ba. Sunan kansa kaɗai yana sa mutane ja da baya, tun kafin tafiyarsu ma wasu sun hana ƴaƴansu cin abinci da shi don tsoron ɗauka, alhali wannan ciwo ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ranar komawa ta zo ta wuce, takarda na cikin akwati.

Ana tsakiyar noman biyu ciwon ya dawo, wannan karo cikin ciki, daga baya ƙafafu suka saki. Tela ya sayar da geronsa tun yana gona a kan farashin wulaƙanci, suka sake kama hanyar Yamai. An yi abin da za a iya, amma ciwon da aka taɓa aka saki ba ya jin magani kamar farko. Aka haɗa su da maganin rage zogi, suka dawo da shi ɗakin uwarsa. A nan ya cika, gero na fitar da kai.

Lissafin daren bakwai

Jama'a ta yi musu kara. An cika ƙofar gida har bakin hanya, waɗanda suka hana ƴaƴansu zuwa gidan ma sun zo sun yi kuka na gaskiya. Daren sadakar bakwai, bayan ƙafa ta ɗauke, tela ya kwance ƙyallen da yake tara gudummawar masu gaisuwa ya ƙirga a gaban fitila: jikka 140 da ƴan kai, ban da hatsi da shinkafa da ke jingine a zaure. Ninki biyu ke nan da ɗoriya na abin da suka rasa a Yamai. Matar ta daɗe tana kallon kuɗin, sa'annan ta ce: “Malam, ashe kuɗin suna cikin garin nan.”

Ba ta zargi kowa da rowa ba, don ba rowa ce ta jawo ba. Al'ada ta shata wa gudummawa hanyoyi tun kaka da kakanni: akwai ta aure, akwai ta suna, akwai ta mutuwa, kowace da ranarta da mai shelarta, har a gidan rediyo ake sanar da su. Doguwar jinya kuwa ba ta da rana, ba ta da mai shela. Masu ita ɓoye ta suke yi don gudun tonon asiri, masu zuwa dubiya kuma su ce sannu, su ajiye lemu ko goro, ba wanda zai tambayi nawa ya rage a aljihu, don tambayar ma kamar rashin kunya ce. Haka taimako ke zama ihu bayan hari, tsakanin mutanen da ke ƙaunar juna.

Abin da ya faru a wannan gida yana cikin lissafin duniya. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin dubu 400 ne ke kamuwa da kansa kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Daga cikin dalilan wannan tazara da ƙungiyar ta lissafa akwai makara wajen gano ciwo, da kuskuren ɗaukarsa a matsayin wani ciwo dabam, da katse magani kafin a gama. Dukansu sun hau kan ɗan tela ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan kansar yara ba a san hanyar hana ta zuwa ba, saboda haka makamin da ke hannu shi ne a gano ta da wuri, a kuma kai magani ƙarshensa.

Ba a zauna haka nan ba. A shekarar 2000 wani lokotoron Faransa, Farfesa Jean Lemerle, tare da takwarorinsa na Afirka, suka kafa ƙungiyar GFAOP, wadda ke horar da ma'aikata tana kuma taimaka wa sassan kula da kansar yara da magunguna a ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da sashen da ke Yamai. Ta fi ba da ƙarfi ga ire-iren kansa biyar da aka san suna jin magani: ta Burkitt, ta ƙoda, ta ido, wani nau'i na kansar jini, da wadda ake kira Hodgkin. A 2018 OMS ta ƙaddamar da shiri na duniya da nufin a kai ga ceto aƙalla kashi 60 cikin 100 na yaran nan kafin 2030. A 2021 kuma cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, da ke Yamai ta samu na'urar gashin kansa ta farko a ƙasar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Duka wannan ci gaba ne. To amma na'ura ba ta zuwa ƙauye ta ɗauko yaro, kuma mutumin Damagaram kilomita kusan 900 ke tsakaninsa da ita. Abin da ke tsakanin ƙofar gidan talaka da ƙofar asibiti, da abin da zai riƙe shi a can wata uku ko huɗu, nan ne jama'ar gari ke da abin yi.

Gwangwani na biyu

Matar tela na cikin wata ƙungiyar asusu ta mata talatin, irin waɗanda suka samo asali daga tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991. Kowane mako suna zubi cikin akwati mai kwaɗo uku, suna ba juna rance na sana'a. A zaman farko bayan arba'in ta zo da gwangwanin madara da ta huda wa murfi, ta ajiye kusa da akwatin, ta ba su labarin jikka 60 da jikka 140 ba tare da ta ɓoye komi ba. Ta roƙi kowace ta riƙa jefa dala goma a mako. Ba rance ba ne, ba a kuma taɓa shi don biki ko sallah. Na yaron da ma'aikacin likita ya rubuta wa takardar tafiya Maraɗi ko Yamai ne, ko ɗan wane ne a garin.

Ba a karɓa nan take ba. Wata dattijuwa ta ce tara kuɗi da sunan ciwo kiran ciwo ne. Wata ta ce abin da Allah ya rubuta ba gwangwani ne zai kankare shi ba. Matar tela ta ce: “Inna, gaskiyarki, kwanan ɗana ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma da ya ji yunwa ai tuwo na ba shi, ban ce ya jira abin da aka rubuta ba.” Aka yi shiru, sa'annan dattijuwar ta kwance bakin zanenta ta fara jefawa. Mata 30 a kan dala goma-goma, jikka ɗaya da rabi ke nan a mako, jikka 78 a shekara.

Da sannu abin ya wuce ɗakin mata. Limamin Juma'a ya yi huɗuba a kan cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, ya kuma tunatar da manoma cewa gidan talakan da jinya ta durƙusar yana cikin masu haƙƙi a zakkar hatsi. Da kaka aka ware rumbu guda, mai hali ya kawo dami, marar hali ya kawo tiya. Tela ya bi fada-fada inda samari ke shan shayi, ya shawo kan goma sha biyu aka auna rukunin jininsu aka rubuta sunayensu, don yaron da ke shan shimiyo yana yawan buƙatar ƙarin jini. Shugaban ƴan tasha ya yarda a rage wa mai riƙe da takardar likita rabin kuɗin mota. Mai gari ya aika wa mutanensa na Bukoki, su kuwa suka ji nauyi da suka san ɗan garinsu ya yi makonni yana kwana kan kwali, suka ware ɗaki guda don masu jinya.

Abubuwa biyu ne dai suka fi kowane tasiri, kuma ba su cin ko dala. Na farko gayya ce. An yi alkawari a gaban mai gari cewa duk magidancin da jinyar ɗa ta tsare a Yamai da damina, samari za su shuka masa gonarsa su nome ta, don kada wani uba ya sake tsayawa tsakanin yaro ɗaya da yara huɗu. Na biyu kuma mushen lakwal ne, wanda ke karanta takardun asibiti da aka rubuta da Faransanci, ya rubuta ranar komawa a littafinsa. In saura kwana uku, shi da matar tela sukan je gidan su tsaya har sai sun ga an ɗaure kaya.

Alamun da take bitarwa

Daga wurin majo ta koyi alamun da ya kamata uwa ta sani, ta haddace su kamar yadda ta haddace ma'aunin gyaɗarta. A gidan suna, a bakin famfo, a layin awon jarirai, da zarar ta samu mata biyar a zaune sai ta fara. Kumburi mai tauri a muƙamuƙi, ko wuya, ko cikin ciki, wanda ke ƙaruwa, ko da ba ya zafi. Farin abu a tsakiyar baƙin ido mai ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ko idon da ya karkace ko ya turo ba dalili. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, an sha maganin masassara bai sauka ba. Yaron da ya ɗashe, yake yawan haɓo ko zubar jini daga dasashi. Ciwon ƙashi da ke tashe shi da dare ko ya sa shi ɗingishi ba tare da ya faɗi ba. Ciwon kai mai naci tare da amai da sassafe. Takan ƙara da cewa ganin ɗaya daga cikin waɗannan ba ya nufin kansa ce, akasari ma ba ita ba ce, amma ma'aikacin likita ne zai faɗa. In an je an sha magani mako biyu ba sauƙi, a koma, a kuma nemi takardar zuwa gaba ba tare da jin nauyi ba.

Ba ta yi faɗa da masu maganin gargajiya ba, don ta san ƙofarsu ake fara ƙwanƙwasawa. Ta je har gida ta gaida sarkin aska, wanda yaronsa ne ya yi wa ɗanta tsaga, ta roƙe shi abu ɗaya: in aka kawo yaro da kumburi mai tauri wanda ba ruwa a ciki, kada aska ta taɓa shi, a tura shi likita. Dattijon ya amsa, ya kuma tara wanzaman da ke ƙarƙashinsa ya gaya musu.

Cikin shekara uku gwangwanin ya tura yara uku. Na farko mai ƙulutai ne a wuya, aka auna aka tarar tarin fuka ne ya kama ƙulutan, ya sha magani wata shida ya warke. Wasu suka yi gunaguni cewa an kashe kuɗin kansa a kan abin da ba kansa ba, matar tela ta ce Allah ya sa kullum a riƙa yin irin wannan hasara. Na biyu kansar jini ce, an yi komi a kan lokaci amma ya rasu. Iyayensa dai ba su sayar da gona ba, ba su kwana a waje ba, ba su kuma zauna da tambayar da ke cin ran tela har gobe ba. Ta uku yarinya ce mai shekara biyu, wadda yayar uwarta ta hango farin abu a idonta a hasken tocila, ta tuna da zancen da ta ji a gidan suna. A Yamai aka ce sai an cire idon don kada ciwon ya bi jijiya ya wuce ciki. Kakar yarinyar ta rantse ba za a mayar mata da jika mai ido ɗaya ba, wa zai aure ta. Matar tela ta kwana biyu a gidan tana lallashi, a ƙarshe ta ce: “Iya, ni da za a dawo mini da nawa ba ido ko ɗaya, da na karɓa da hannu biyu.” Aka yi aikin. Yarinyar na nan da ranta, tana bin yayyenta ɗiban ruwa.

Abin da gwangwani ba zai iya ba

Kada a ɗora wa dala goma abin da ya fi ƙarfinta. Asusun mata ba zai sayi magungunan shimiyo ba, ba zai horar da ma'aikaci ba. Wannan aikin magabata ne. Ana buƙatar a koya wa ma'aikatan gidajen likita na karkara alamun kansar yara, don su ne ido na farko. Ana buƙatar a dubi yaran da suka wuce shekara biyar, tunda a nan ciwon Burkitt ya fi yin ɓarna. Ana buƙatar a ƙarfafa asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa, yadda awo da bibiyar magani za su kusanci mutane. Akwai kuma maganar masauki. A Rabat ta ƙasar Maroko wata ƙungiyar iyaye da masu taimako ta buɗe gida tun 1995, mai suna Maison de l'Avenir, inda yaran da suka zo daga nesa ke sauka da iyayensu har a gama magani. Alhazan Maraɗi da suka gina masallatai da makarantu ba za su kasa irin wannan ba, in an kai musu maganar yadda ya kamata.

Tun shekarar 2002 aka ware ranar 15 ga watan Fabrairu ta zama ranar yara masu fama da kansa a duniya, alamarta ƙyalle mai ruwan zinariya da ake maƙalawa a ƙirji. A garin tela ba a san ƙyallen ba. Abin da ake yi a ranar shi ne a buɗe gwangwani gaban mata talatin da mai gari, a ƙirga, mushe ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, sa'annan matar tela ta tafi gidan rediyon karkara ta sake bitar alamun nan ɗaya bayan ɗaya. Garuruwa biyu na kusa sun aiko a koya musu tsarin. Duk unguwar da ke da asusun mata, da liman, da fadar samari, da wanda ya iya karanta takardar asibiti, tana da kayan aikin a hannu, saura wanda zai fara ajiye gwangwani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba yaran da ke kwance lafiya, ya kuma ba iyayensu maƙwabta masu tambaya tun da wuri.